Ranar da Aka Ƙone Bijiman Sela-Ram

A cikin duwatsun ƙasar Yahudawa, tun zamanin da kowane tudu mai ganuwa yake da nasa sarki, an yi wani birni da ake kira Sela-Ram. Ba babba ba ne. Mai ƙafa lafiya zai zaga shi bai ji ƙishirwa ba. Amma yana da sarki da waziri da Sarkin Yaƙi, yana da ɗakin ibada mai bagaden dutse, mutanensa kuma sun haƙiƙance cewa duk lokacin da Ubangiji ya leƙo duniya, su yake fara dubawa.

A zamanin Sarki Eliyada, Zimrada Sarkin Ukkal ya zo da rundunarsa ya kewaye birnin. Asalin rigimar wata rijiya ce a kan iyakarsu, wadda ta ƙafe tun kafin a harba kibiyar farko, amma ba wanda ya ga dalilin fasa yaƙi saboda wannan. Wata ya tsaya ya mutu, wani ya tsaya ya mutu, Ukkalawa suna zaune a gindin ganuwa suna cin sha'irin da mutanen Sela-Ram suka shuka. A cikin gari an koma cin dusa. Abu biyu ne suka hana mutane fid da rai. Na farko bijimai arba'in da aka koro daga ƙauyuka kafin a rufe ƙofa, aka ajiye su don ranar da dusar ma za ta ƙare. Na biyu Hodiya Sarkin Bet-Zamir, uban matar sarki. An zura wani manzo mai suna Zabdi da igiya ta bayan ganuwa ya tafi kiransa, kuma kowa ya san Hodiya zai zo, tunda 'yarsa tana ciki.

Babban Firist a lokacin shi ne Shebanya ɗan Uzziyel. Kowace safiya da kowace yamma ana kawo masa ɗan rago bana ɗaya marar aibi, a ɗora masa hannu a ka, a yanka shi arewa da bagade, a watsa jinin a jikin duwatsun, a feɗe, a yayyanka, a wanke kayan ciki da ƙafafu, a barbaɗa gishiri, a jera a kan wuta ya ƙone ƙurmus. Wannan ita ce hadaya ta ƙonawa. Ba mai ɗanɗana ko tsoka ɗaya, fata kaɗai ake bar wa firist. Shebanya ya tsufa a kan wannan aiki har gwiwoyinsa sun fara ƙara, kuma yana ƙaunar rigar muƙaminsa fiye da yadda yake gaya wa kansa. Yana da mai taya shi ƙaunarta: Mattana, ɗan ƙanen ubansa, firist na biyu, wanda ya shekara da shekaru yana tambayar lafiyar gwiwoyin nan da kulawa ta musamman.

Ran nan da safe hayaƙin hadaya ya ƙi tashi. Ya ɗan miƙe kamar zai hau, sai ya karya wuya ya kwanta, ya bi ƙasa ya ƙetare farfajiya, ya shiga fada ta taga ya sami sarki a zaune. Shebanya ya san dalili. Busasshen itace ya ƙare, an yi yayyafi, iska kuma ta juya. Amma Babban Firist ba ya tsayawa gaban jama'a ya ce alamar sama ɗanyen itace ce, domin gobe in ya ga alamar da yake bukata, za a tambaye shi da wane itace aka hura wutar.

Kafin hantsi an tara majalisa. Sarki ya zauna idanunsa jajur, yana tari.

"Dattawan Sela-Ram," in ji shi, "kun ga abin da na gani, ni kuma har na shaƙa. Hadayar da muka aika sama an maido mini da ita gida. Ina so a gaya mini ma'anarta, kuma ba na son dogon zance."

Mattana ya miƙe ya rusuna. "Allah ya ja zamanin sarki, ɗan Natanel, garkuwar Sela-Ram. Ba ni ne ya kamata in yi magana ba alhali Yaya yana zaune. Amma tunda ya yi shiru, kuma na san gajiya ce, sai in ɗan taimaka masa. Mutum ne yake roƙon a cece masa birni da mata da 'ya'ya, ya miƙa ɗan ragon da ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa, bijimai arba'in kuwa suna bayan gida suna tuƙa. Ranka ya daɗe, ko kai aka kawo wa irin wannan gaisuwa, ai ka mai da ita ta taga."

Waziri ya gyaɗa kai. Shi dama aikinsa ke nan, kuma ya iya shi.

Sarkin Yaƙi Pedahel bai miƙe ba, domin kibiya ta same shi a cinya, kuma ko ba ta same shi ba ba ya son miƙewa. "Allah ya ba sarki nasara. Ni ban san harshen hayaƙi ba, na mayaƙa na sani. Mutanena suna kan ganuwa, in sun ja baka hannunsu rawa yake yi. In dai sai an yanka bijiman nan, a yi hadaya ta salama. A ƙone kitse a kan bagade yadda aka saba, a raba naman, kowa ya ci a gaban Ubangiji. Ibada ce, tana cikin ka'ida, Babban Firist shaida ne. A riƙa yanka biyu biyu, mu ga ko ba mu riƙe ganuwar nan ba har Hodiya ya iso."

"Wato," in ji Mattana da murya mai laushi, "a gayyaci Ubangiji biki, a ba shi ƙamshi, mu kuma mu cinye naman."

"Wato a bar masa masu yi masa sujada da rai. Kai ɗan firist, cikin fatu arba'in ɗin nan, nawa za su shiga ɗakinka?"

"Fatar ta wanda ya miƙa hadayar ce, Sarkin Yaƙi. In Yaya ya miƙa, tasa ce. Ni ko igiyar wuyansu ba na nema."

Sarki ya ɗaga hannu, ya juya ga Shebanya. "Babban Firist, kai muke jira."

Shebanya ya miƙe a hankali. Ya san Pedahel ne mai gaskiya, ya sani sarai kamar yadda ya san zancen itacen. Ya fara da kewaye-kewaye, ya ce hadaya ta ƙonawa tana da darajarta, ta salama ma tana da tata, magabata kuma sun yi wannan sun yi waccan gwargwadon hali. Yana cikin lissafa magabatan sarki ya katse shi.

"Shebanya, ubana ne ya sa maka rigar nan, ban manta ba. Amma hannun da ya miƙa hadaya aka maido ta, wataƙila ya gaji. In ya gaji ka faɗa, ba abin kunya ba ne. A gidan kakanku akwai wanda rigar za ta yi wa daidai."

Mattana ya sunkuyar da kai, kamar wanda aka yaba a gaban surukansa.

Nan Shebanya ya ji wani sanyi a kafaɗunsa, daidai inda rigar take zama. Ya ga kansa a zaure da farar taguwa irin ta kowa, ana wucewa ana ce masa sannu Baba. Sai ya ji muryarsa ta fito da ƙarfin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ban gama ba. Ƙanena ya ga gefen maganar, bai ga tsakiyarta ba, kuma ba laifinsa ba ne, abu ne na shekaru. Shi zai ce a ƙone goma yau, goma jibi. Wannan ciniki ne. Ni na ce duka arba'in, gobe, da fitowar rana, a lokaci guda. Kada a bar ko kofato. A nuna wa sama cewa Sela-Ram ba ta ɓoye komai a bayan gida ba."

Mattana ya buɗe baki ya rufe, domin ba bijimi na arba'in da ɗaya da zai ƙara. Sarki ya share hawayen hayaƙi ya ce, "Yanzu na ji muryar Babban Firist." Waziri ya gyaɗa kai.

Da aka watse, Pedahel ya tare Shebanya a soro yana dogara sanda. Tare suka tashi tun suna yara, don haka bai tsaya gaisuwa ba.

"Ɗan Uzziyel, ɗanyen itace ne ko?"

"Al'amuran sama ba a yi musu fassara ɗaya."

"Na tambaye ka itace, ka ba ni sama. Gobe mutanena za su tsaya a kan ganuwa da dusa a ciki suna shaƙar gasasshen nama. Ka taɓa ganin fuskar mai jin yunwa yana shaƙar nama?"

"In na ƙi, Mattana zai yi. Bijiman sun tafi ko ta yaya."

"Goma za su tafi. Shi ƙaramin mahaukaci ne, kai ka nuna masa kai ne babba."

Shebanya ya gyara wuyan rigarsa ya wuce. A hanya ya shirya amsoshi masu kyau guda uku, amma Pedahel ya riga ya koma ganuwa.

Sai aka zo ga abin da majalisa ba ta tattauna ba, domin manya ba sa tattauna itace. Bijimi guda yana cin itacen da gida zai yi wata yana girki da shi. Aka kwance rufin rumbunan sarki, tunda ba komai a ciki. Aka cire ƙyauren shagunan kasuwa, aka ɗebo azarar wasu gidaje da aka shafa wa kwalta don ruwan sama. Bagade kuwa ba ya ɗaukar fiye da bijimai uku, don haka Shebanya ya yanke hukunci cewa saboda lalura ana iya keɓe wasu wurare na rana ɗaya. Aka tara duwatsun da guduma ba ta taɓa ba, aka gina wasu manyan bagadai shida: a farfajiya, a masussuka, a dandalin kasuwa, har da kusa da ƙofar arewa. Mattana ya yi ta kai da kawowa yana taimakawa, fuskarsa kamar ta mai ɗaukar gawar wanda bai bar masa gado ba.

Da rana ta fito aka busa ƙahoni. Sarki da kansa ya bi bijiman ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu hannu a ka. Firistoci suka yanka, Lawiyawa masu taya su aiki suka feɗe, jini ya cika kwanonin tagulla har ya bi lambatu. Aka wanke kayan ciki da ruwan da gari yake sha da ƙididdiga. Gishirin da ya rage a birnin duk ya tafi a wannan safiya. Shebanya ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba, ya manta da gwiwoyinsa, yana tafiya daga wuta zuwa wuta da hannuwa a sama. Gaskiya ita ce ya yi kyau. Kitse ya narke ya haɗu da kwalta, hayaƙi ya tashi daga wuri bakwai, baƙi ƙirin, mai kauri, ya hau sama sosai har ya rufe rana. Mutane suka faɗi rubda ciki suna kuka da kururuwa. Wasu don tsoron Ubangiji suke yi, wasu don ƙamshin, kuma daga nesa ba a bambanta su.

Sarki ya ga hayaƙi ya miƙe, ya kama hannun Shebanya a gaban bagade da gaban jama'a. "Ku shaida, mutanen Sela-Ram. Na rantse da Wanda ake ƙona wa wannan hadaya, muddin Shebanya ɗan Uzziyel yana numfashi, rigar nan ba za ta bar kafaɗarsa ba." Jama'a suka amsa da amin. Shebanya ya nemi Mattana da ido, ya same shi, ya yi masa murmushin 'yan'uwantaka.

Ukkalawa ma sun ga hayaƙin. Zimrada bai san ka'idar hadaya ba, amma ya san wuta kusa da ƙofar arewa, ya ɗauka gobara ce ta kama gari. Ya sa aka buga ganguna, aka kawo tsani da gungumen fasa ƙofa. Pedahel ya tarye su da mutanen da idanunsu ke zubar da ruwa. Aka yi ta yi har rana ta take tsaka. Sau biyu Ukkalawa suna hawa ganuwa ana tunkuɗo su, a na uku suka ci hasumiyar arewa suka riƙe ta, sai da Pedahel ya sa aka kwaso garwashin bagaden da ke kusa aka zuba musu sannan suka sauka. Shebanya ya so ya ce wannan wuta keɓaɓɓiya ce, ya duba fuskar Pedahel, ya fasa. Ukkalawa suka ja da baya, suka bar ƙyauren ƙofa a tsage, suka bar Sela-Ram da gawar kusan sulusin mayaƙanta.

A cikin wannan hargitsi ne Zabdi manzo ya sulale ya shigo, sanye da hular wani mataccen Ba'ukkale. Da la'asar aka kai shi gaban majalisa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ƙi ɗagowa.

"Tashi," in ji sarki. "Ina surukina? Ina rundunar Bet-Zamir?"

"Allah ya ja zamanin sarki. Sun zo."

"Madalla! Babban Firist, ka ji? Tun wutar ba ta mutu ba. Suna ina?"

"Sun koma, ranka ya daɗe."

Waziri, wanda ya riga ya fara gyaɗa kai, ya tsaya a tsakiya.

"Mun kwana a bayan tudun gabas," in ji Zabdi, "da masu mashi da masu baka da karusai, rundunar da ban taɓa ganin irinta ba. Niyya ita ce da hantsi a auka wa Ukkalawa ta baya. Da rana ta fito Sarki Hodiya ya hau tudu ya duba, ni ina gefensa. Sai muka ga birni yana hayaƙi ta wuri bakwai, muka ji ƙahoni, muka ji kururuwar mata. Ya kama rigarsa ya kece ta har ƙasa, ya ɗebi ƙura ya zuba a ka, ya yi ta kiran sunan 'yarsa. Na ce, ranka ya daɗe, wataƙila hadaya ce. Ya ce da ni, 'Kai manzo, hayaƙin hadayar Sela-Ram zare ɗaya ne fari, tun ina yaro nake ganinsa. Wannan baƙin hayaƙi na azara ne da kwalta. Na ƙone garuruwa da hannuna, na san kamanninsu. Kuma wane mahaukaci ne zai ƙone nama haka a garin da ake cin dusa?'"

Ba wanda ya dubi Shebanya, kuma ya ji rashin duban nan har cikin ƙashinsa.

"A bi shi," in ji sarki. "A kira shi ya dawo."

"Ya ce ba zai kashe rayayyu don matattu ba. Ya sallami mutanen ƙauyuka su koma girbi, kafin azahar kowa ya kama hanyarsa. Dawakin Ukkal kuma sun ga sawunsu, sun tare mashigin dutse. Amma ya ce in na sami wani da rai in gaya masa, Bet-Zamir za ta yi muku makoki na kwana bakwai, da azumi."

"Azumin ma mun riga su," in ji Pedahel. Jini yana ɗiga daga ɗaurin cinyarsa. "Allah ya ba sarki nasara, ga abin da ke nan. Ƙofar arewa ba za ta ɗauki wani bugu ba. Ba nama, ba gishiri, ba itacen da za a tokare ta. In Zimrada ya dawo gobe, zai ci abincin rana a wannan ɗaki. A aika masa yau a nemi sulhu, tun yana zaton muna da sauran ƙarfi."

Sarki ya yarda. Sa'an nan ya tambayi wa za a aika. Tambayar ta yi nauyi, domin a farkon kewayen an aika Magatakarda wurin Zimrada da magana mai daɗi, ya komo ba kunnuwa. Waziri ya tuna cewa ciwon baya ya dame shi tun jiya.

Mattana ya miƙe ya rusuna. "Ranka ya daɗe, al'adar kakanni a fili take. In birni zai nemi rai a hannun maƙiyi, ba bafade ake aikawa ba. Babban Firist ne yake fita da cikakkiyar rigarsa, shi kaɗai, ba makami, domin ko arne yakan ji nauyin taɓa ta. Yawanci."

Shebanya ya yi gyaran murya. "Gaskiya ne. Sai dai tafiya ce ta gangara, gwiwoyina kuma, kamar yadda ƙanena ya daɗe yana lura, ba su da ƙwari. In sarki ya ga dama, na ara wa ƙanena rigar na yini ɗaya. An ce za ta yi masa daidai."

"Haba Yaya," in ji Mattana. "Ni wa? A gaban bagade aka rantse, gari duka ya ce amin. Kana so sarki ya yi kaffara tun rana ba ta faɗi ba?"

Sarki ya dubi Shebanya da idon tausayi na gaske. "Na rantse, Babban Firist. Muddin kana numfashi."

Aka ɗaura masa ƙyallen ƙirji mai duwatsu, aka naɗa masa rawani. 'Yan ƙararrawar zinariya da ke gefen rigar suna kaɗawa yana gangarawa ta cikin toka, mutane suna buɗa masa hanya. Pedahel da kansa ya sa kafaɗa ya ture tsagaggen ƙyauren, daidai yadda mutum ɗaya zai wuce. A can ƙasa, masu gadin Ukkal sun miƙe tsaye, ɗaya yana ɗana kibiya, wani yana kiran shugabansu ya zo ya ga abin mamaki.

Shebanya ya sa ƙafa ɗaya waje ke nan, sai ya ji ana kiransa daga baya. Mattana ne, ya biyo shi da sauri har yana haki.

"Yaya, kafin ka fita. Lokacin hadayar yamma ya gabato, akwai sauran ɗan rago ɗaya. Ina ka ajiye wuƙar?"